Rasuwar Kunnuwa, Na'urar da Fitsari Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da rasuwar na'urata ta naɗar sauti, wadda a ɗakin bincikenmu muke kira Kunnuwa. Ta rasu tana da shekara huɗu a bakin aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ita ke jiyo mini siririn kukan ƙananan biran nan masu manyan idanu, masu yawon dare, kukan da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Da ita nake neman sanin ko da amsa-kuwwar kukansu suke gane hanya a duhu, kamar jemage. Ba ta taɓa ƙorafi ba. In an kunna ta, ta ce "ƙit". In batir ya yi ƙasa, ta ce "tii, tii", cikin ladabi.

Ajalinta ya soma ranar da na tafi jinyar mahaifiyata. Na rataye ta a kejin biran, na bar amanarta a hannun abokin aikina, wanda ya rantse zai riƙa leƙa ta kullum. Ko sau ɗaya bai leƙa ba. Su kuwa waɗannan halittu, da fitsarinsu suke wanke hannu da ƙafa. Babban namijin ya mai da ita kujera. Mako uku yana tsula mata, yana dangwala ta.

Na dawo na tarar da ita ta yi kore, tana danƙo, kiyashi sun tare a ramin batir. Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa, ya fita da gudu ya amayar da karin kumallonsa a bakin shago. Katin da ke ɗauke da naɗin wata bakwai ya ruɓe a cikinta. Matata ta hana ni shiga gida da gawar, ta kuma ƙone rigar da na naɗo ta da ita.

Ta bar caja ɗaya, da igiyoyi biyu, da kundin digirina da ya tsaya a babi na huɗu.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi, a bayan ɗakin bincike, cikin leda uku. Ana roƙon masu zuwa kada su ci komai kafin su taho. Abokin aikin nawa shi zai ɗauki gawa, kuma ba za a ba shi safar hannu ba.