Ɗakin da Papa Cleo Ya Gina wa Maciji

Sati uku cur Cleophus Gadsden ya yi a rumfar aikinsa da ke bayan gida, can wajen garin Orangeburg, yana gina wa maciji ɗaki. Mutumin da tun yana yaro ko igiya ya hango a ciyawa sai ya koma ya ɗauko fartanya. To me ya kai shi? Jikarsa Renita ce. Tana karatun aikin jinya a birnin Columbia, mai gidan hayarta ya ce tsakanin ita da ɗan macijin da take kiwo, irin marar dafin nan da ake kira macijin masara, dole ɗaya ya bar masa gida. Tsoho na jin haka a waya ya ce a kawo masa, don ya riga ya gama shirya abinsa a zuci: an ce macijin duk Lahadi yake cin abinci, shi kuwa ba zai taɓa shi ba ko da sanda, ke nan tilas yarinyar ta riƙa zuwa duk Lahadi. Tun rasuwar matarsa Earline sai a yi wata biyu bai sa Renita a ido ba, abin kuwa yana cinsa ƙwarai. Bai faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar gab da tsakar rana motarta ta tsaya a gindin baranda, ta fito rungume da wata roba mai murfi, tana tambayar lafiyarsa.

"... lafiya lau nake, in ban da ke da kika ce ƙarfe tara, ga sha ɗaya ta gota," in ji shi.

"Na bari ne ka gama neman haƙoranka, Papa Cleo. Ka same su?"

"Suna bakina, kuma sun fi naki fari. Abin ne a cikin robar nan? Tsaya daga nan."

"Ba abu ba ne, yana da suna. Junior, gai da takwaranka."

"Junior na wa? Ƙaramin wa ke nan?"

"Naka mana. Wuni yake yana barci, ba ya son baƙi, in ya ci ya ƙoshi sai ya nemi lungu. Wa zan sa masa in ba kai ba?"

"Ke, ni dikon ne, dattijon coci, shekara talatin. A sa wa maciji sunana? Ubanki ma bai samu sunan nan ba."

Ta ɗaga murfin kaɗan. Wani siririn kai mai ruwan lemo ya leƙo, ya zaro harshe, ya koma. Tsoho ya ja da baya taku biyu, ya yi kamar hularsa yake gyarawa.

"Ba shi da dafi, ka sani sarai," ta ce. "Irinsu ne suke cinye muku ɓeraye a rumbun masara."

"Waɗancan aiki suke yi. Wannan kuwa ɗan zaman banza ne, irin mai shi. Biyo ni ki ga aikin maza."

A rumfar ya yaye tsohon bargo da hannu ɗaya, ya tsaya yana hura hanci. Kuma gaskiya abin ya isa a hura hanci a kansa. Akwati ne dogo na jan katakon sida, itacen nan mai ƙamshi, an goge shi sumul, ba ƙusa ko ɗaya da ta fito, gaba gilashi, ciki an shimfiɗe da dusar katakon har tsawon yatsa. Ƙamshi ya cika rumfar. Cleophus ya zuba mata ido yana jiran yabo. Sai ya ga ta rungume robarta ta koma bakin ƙofa.

"Papa Cleo, wannan sida ne?"

"A'a, kwali ne. Sida ne mana, na gidan nan, ba na kanti ba."

"Har dusar?"

"Har dusar. Shekara arba'in ina shimfiɗa wa karnukan farautata ita, ko ƙuma ɗaya ba ta taɓa hawansu ba."

"To abin da ke korar ƙumar shi zai kashe Junior. Man itacen nan yana ƙona musu huhu da fata. Wata guda a ciki sai dai mu haƙa rami."

Ran tsoho ya ɓaci, har kunnuwansa suka ɗauki zafi. Sati uku. Da waɗannan yatsun da sanyin ƙashi ya lanƙwasa.

"Maciji mai huhu. Yau na ji sabon karatu. Abin da ke kwana a ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce shi ne zai raina mini katako? Gwamna ma in na sa shi a nan sai ya yi godiya."

"Sa gwamnan. Junior dai ba ya shiga. Kuma dubi murfinka, ba sakata. Ka san su wane ne macizan masara wajen guduwa? Ramin da ɗan yatsana zai shiga ya ishe shi. Da asuba za ka tashi ka gan shi a cikin takalmin cocinka."

"Murfin nan ya fi ki nauyi."

"Zai ɗaga shi. Ina kuma wurin ɗumi? Dole gefe ɗaya ya yi ɗumi, ɗaya ya yi sanyi, ya zaɓi inda yake so."

"Ya zaɓa? Ni da na gina gidan nan ban da zaɓi, in zafi zafi, in sanyi sanyi. Sai me kuma? Talabijin?"

"Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Kwanon ruwa wanda zai iya kwanciya a ciki. Reshe na hawa."

"Ki ce otal kike nema. Ke da aka yi wa gado a aljihun durowa da kina jaririya, ba ki mutu ba."

"Shi ya sa na fito a karkace. Laifinka ne."

Ta ajiye robar a inuwa ta dawo, ta shafa gefen akwatin. Hannunta ya tsaya. Ta sunkuya ta shaƙi katakon.

"Wannan ba itacen Mama Earline ba ne? Wanda guguwa ta kayar?"

"Shi ne. Ita ta dasa shi shekarar da muka yi aure."

"Ba shi ka ce ka ajiye don akwatin gawarka ba?"

"Na fasa mutuwa. Na duba na ga ba wanda zan bar wa gidan sai marasa kunya."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ta ce a hankali, "Ba komai. Marquita, ƙawata ta Columbia, tana da tankin gilashi da ba kowa a ciki. Ta ce in kawo shi in an rasa wuri. Kusa ma da makaranta ne, ka huta da wahala."

Nan gaban Cleophus ya faɗi. In macijin nan ya koma Columbia, Lahadinsa ta tafi ke nan, sai kuma Kirsimeti. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan dogon tankin gilashin da ke jikin bango, inda yake tara ƙananan kifayen da yake sa wa ƙugiya in za shi fatsa. Shekara goma sha biyar tankin nan na wurin, ko limamin coci bai isa ya sa hannu a ciki ba.

"Marquita wace? Wadda ta kashe furen roba? Takwarana ba zai zauna a gidan bare ba."

"Au, yanzu ya zama takwaranka?"

"Ban ce ina sonsa ba. Sunana ne ba na so ya wulaƙanta. Kawo bokiti."

"Papa Cleo, kifayenka fa?"

"Su koma tafki su yi wa danginsu bayani. Ke dai kawo bokiti, kin tsaya kamar an dasa ki."

Sai da rana ta karkata suna abu ɗaya. Suka kwashe kifi, suka wanke tanki sau uku, Renita na cewa har yanzu yana ƙarni, shi yana cewa hancinta ne. Ya ciro ragar waya daga tsohuwar taga, ya yi mata firam da busasshen katakon da ba ya ƙamshi, ya ɗaura sakata huɗu. Ta ce biyu sun isa, ya ce ba ita za ta kwana a gidan ba, ya ƙara ta biyar. Ta ɗauko kayanta daga mota, ta manna faifan ɗumi na lantarki a ƙarƙashin gefe ɗaya, ta sa ma'aunin zafi, ta zuba farar dusar da ta saba amfani da ita. Da aka zo maɓoya, ya fasa bakin tukunyar fure ya kife. Kwanon ruwa kuwa sai da aka yi rigima, don na tsohon karensa ta ɗauka. Suka kai tankin falo, nesa da ƙamshin sida. Renita ta saki Junior a ciki, ya zagaya sau ɗaya, ya taɓa murfin da hanci, ya ji ba hanya, ya shige tukunya.

"Ka gani? Ko godiya babu. Halinka sak."

"Halin gidanku dai. To, gobe ne cin abincin nasa, ko? Bayan coci?"

"Gobe? A'a, ya ci shekaranjiya. Sai nan da sati biyu. Ɓerayensa na cikin jakar ƙanƙara, zan sa maka a firiza kusa da naman barewarka."

Maganar ɓera a firiza ko shiga kunnensa ba ta yi ba.

"Sati biyu kamar yaya? Ke da bakinki kika ce duk Lahadi."

"Da yana ƙarami ke nan. Yanzu ya girma."

"An cuce ni. An cuce ni a cikin gidana. Na ba da katakon gawata, na kori kifayena, na cire ragar tagata sauro ya cinye ni, duk a kan duk Lahadi, yanzu ki ce mini sati biyu? Wane irin maciji ne wannan da ba ya jin yunwa? Ki ƙara masa ci."

"To kai me ya dame ka da..."

Ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi tankin, ta sake dubansa. Tsoho ya kau da kai ya shiga gwada sakata ta biyar, wadda ba abin da ya same ta. Kunya ta kama shi sosai.

"Ai ban gama ba," in ji Renita. "Abinci ne sati biyu. Amma ruwa dole a wanke kwano duk sati, a duba zafi, a kwashe ƙazanta. Kai kuwa ban yarda da kai ba. Mutumin da ya so ya kashe mini maciji da turare? Duk Lahadi zan zo in duba, kuma in na ga ba daidai ba, sai na kai ƙararka gaban coci."

"Ki zo ɗin. Wa ke tsoronki?"

"Kuma ba na cin ɗumame."

Dariya ta ƙwace masa, har sai da ya dafe haƙoransa da hannu.

"Ja'ira. Je ki buɗe bayan motarki. Akwatin can naki ne, in cire gilashin in sa masa katako, ki zuba kayan sawarki. Asu ba ya kusantar sida, kuma kakarki za ta fi son ta ji shi a ɗakinki da a ƙarƙashin ƙasa."

"Kai kuma a me za a binne ka?"

"Ki tambayi Marquita, an ce tana da tanki."

Ya wuce kicin yana ta ƙunƙuni a kan ɓeraye, ya buɗe firiza, ya matsar da naman barewa gefe guda, sannan ya ciro kifin da zai soya mata gobe Lahadi.