Hoton Anaruwa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Nuwamba, 1962, da ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma, a zauren Maigarin Tungar Maje, wani mutum ya jawo wa kansa abin da har ya bar garin bai daina jin kunyarsa ba. Ina wurin. Ni ne malamin makarantar garin a lokacin, ni ke rubuta wa Maigari wasiƙu, kuma ina da agogo.

Sunan mutumin Anaruwa. Bahaushe ne, amma haihuwar zangon Ikko, can ya girma, sayar da goro ya kawo shi garinmu. Bai taɓa riƙe ko fartanya ba. Baki kuwa, Allah ya hore masa. In ya zauna gaban faifan goronsa, sai ya ce a Ikko shi ne uban 'yan alkafura. Wai yakan juya sau bakwai a sama kafin ya diro, a juyi na huɗu ma har yakan gaisa da na kan bene. Wai ya taka igiya daga wannan soro zuwa wancan da butar shayi a ka, ko ɗigo bai zuba ba. Wai ƙarti tara sun taɓa hawa kafaɗarsa, yana ƙasa yana cin gyaɗa.

In aka ce, "To ɗan taɓa mana ɗaya mu gani," sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya girgiza kai.

"Iskar garinku ba ta ɗaukar mutum. Ba gishiri a cikinta. Ta bakin teku ce ke riƙe ƙugu."

A shekarar nan Sarkin Wasan garin ya rasu, aka ce ranar kalankuwa, wato bikin gama girbi, za a naɗa sabo. Kowa ya san wanda ya cancanta: Tunau, shugaban 'yan hoto.

Bari in yi bayani, don yaran yanzu ba su san abin ba. Hoto wasan manoma ne, gadonsa ake yi. Ɗan hoto zai shigo fili daga shi sai warki da layu, ana kaɗa masa gangar noma. Zai ɗauki garma, babbar nan ta huɗa mai nauyin ɗan akuya, ya wurga ta sama har ta wuce kan rimi. Tana can tana juyi, shi yana ƙasa yana alkafura. In ta sauko sai ya tare ta da ƙirji, ko gadon baya, ko cinya, ta yi tim, ya karkaɗe jiki ya yi dariya. Tunau ya gaji abin daga kakansa. Ba shi da yawan magana.

Anaruwa kuwa ya ƙwallafa rai a kan rawanin. Ya bi dattawa gida gida da farin goro. Ranar Larabar nan ya zo zaure da kansa, ya zube.

Maigari Jatau tsoho ne mai lumshe ido, ka ce barci yake yi. Ya saurari labarin bene da butar shayi har ƙarshe, sannan ya ce, "Na-Ikko, duk mun ji. Alkafura iska ta hana. To hoto fa? Kana yin hoto?"

Anaruwa ya yi wata dariya. "Hoto? Ranka ya daɗe, ai ni a Ikko duk sati sai na yi hoto!"

Maigari ya karkato kai.

"Duk sati?"

"Duk sati. Na yi a tsaye, na yi a zaune, na yi a kishingiɗe. Ko ƙiftawa ba na yi."

"Ba ka ƙiftawa?"

"Haba, ranka ya daɗe! Ai wanda ya ƙifta ya ɓata hoto."

Wani dattijo ya ce, "Wannan gaskiya ne." Tunau, da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ya ɗago kai ya ce, "Malam Anaruwa, a ina take samunka?"

"Ya danganta. Wani lokaci daga ƙirji zuwa sama. Wani lokaci fuska kawai."

"Fuska!"

"Fuska tsantsa. Na taɓa yi ma da jariri a hannu."

Aka ɗauki salati. Ni kaɗai na ga inda hanya ta rabu, don a makarantar Mishan an taɓa jera mu gaban akwati mai ƙafa uku, aka ce kada wanda ya motsa. Na buɗe baki. Na tuna ranar da Anaruwa ya ce wa ɗalibaina Turancina na ƙauye ne. Na rufe bakina. Allah ya yafe mini.

Maigari ya ce, "Shi ke nan. Ranar Asabar, bayan la'asar, ka yi mana hoto ɗaya a fili. In ka yi, rawani naka ne."

"Ɗaya tak? Ranka ya daɗe, a yi uku, ka zaɓi wanda ya fi kyau."

Asabar ta zo, ranar kalankuwa. Fili ya cika maƙil, har da mutanen ƙauyuka biyar, don labarin mai tarar garma da fuska ya zaga ko'ina. 'Yan hoto suka fara. Garma ta tashi, garma ta sauka, mata na guɗa. Anaruwa bai ga ko ɗaya ba, yana gida yana shiri.

Ƙarfe biyar saura kwata sai ga shi. Farar babbar riga ta sha guga, tana ƙara in ya motsa. Hula a karkace. Baƙin tabarau. Turare kuwa, tun daga bakin kasuwa ya riga shi isowa. A hannun dama kujerar katako, a hagu laima.

Makaɗi ya ga kujera, ya kusa yar da ganga. "A zaune zai tare ta! Jama'a, a zaune! Na-Ikko, gagara-ƙarfe! Na-Ikko, ƙirjin dutse!"

Anaruwa ya ɗaga wa jama'a laima. Ya ajiye kujera a tsakiyar fili, ya dubi rana, ya ɗan juya kujerar. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya baza hannun riga, ya tallafe haɓa, ya washe haƙora.

Tunau ya matso, gumi na zuba a ƙirjinsa. Mutum ne mai tsoron Allah, sai ya rage murya. "Malam, ba za ka tuɓe rigar ba?"

"In tuɓe? Don ita na zo!"

"Ka sha abin da ake sha kuwa?"

"Na sha shayi."

"To kai za ka ɗauka da kanka, ko ni?"

"Kai, wane irin ɗan hoto ne kai? Kai ke ɗauka, ni nawa zama. Ina abin yake?"

Tunau ya nuna masa garmar. Anaruwa ya dube ta ta saman tabarau, ya taɓe baki. A zatonsa ado ne irin na ƙauye, kamar yadda a birni ake ba mutum fure ya riƙe.

"To, ba laifi, a sa ta a ciki. Ina zan kalla?"

"Sama."

"Sama? Sabon salo. Bismilla."

Tunau ya ja da baya, ya tofa yawu a tafi, ya yi lilo da ita sau biyu, ya saki. Fiuuu!

Na ga fuskar Anaruwa, kuma ba zan manta ba. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa. Garma ta kai ƙarshen tafiyarta, ta tsaya kamar tana neman mai ita, ta juyo da baki ƙasa.

"Wayyo Inna!"

A nan ne, a cikin iskarmu marar gishiri, Anaruwa ya yi alkafurar farko a rayuwarsa. Ta baya ya yi ta, daga zaune. Na ƙirga juyi biyu, wasu sun rantse uku ne. Garma ta dira a kan kujera, ƙwas, ta raba ta biyu. Bai waiwaya ba. Ya tsallake makaɗi da gangarsa. Ya tsallake wata tsohuwa da kaskon ƙosai. Riga ta rufe masa kai, bai tsaya ba, ya tunkari darnin karan da ke gefen fili ya haye shi fit, kamar barewa.

Bayan darnin nan marinar garin ce.

Tsundum!

Duk fili ya kwasa zuwa can. Muka tarar da Ɗanbaba marini yana kururuwa a bakin ramin, wai kwana shida yana haɗa baban nan. Ya zura muciya, Anaruwa ya kama, aka jawo shi. Daga hula har takalmi shuɗi ne, shuɗi mai duhu, tabarau ya ɓace a rami, ba abin da ke fari sai ido biyu, su kuwa sai ƙifta suke yi ba ƙaƙƙautawa.

Aka buɗa wa Maigari hanya. Ya tako da sandarsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya buɗe idanun nan nasa tar, abin da ban taɓa gani ba.

"An dai ɗauka," in ji shi. "Saura wanki. Ɗanbaba, a wanke mana shi mu ga ko ya fito."

Daga nan na san tsohon ya san hoto iri biyu tun ranar Laraba. Mutane suka yi ta faɗuwa ƙasa don dariya. Aka naɗa wa Tunau rawani a kan warkinsa, aka ɗauke shi a kafaɗa, gari duka ya bi ganga.

Ƙarfe biyar da minti ashirin, waɗanda suka rage a marina su ne: ni, da Ɗanbaba riƙe da guga, da tsohuwar mai ƙosai, wadda ta ce ba inda za ta sai an gaya mata abin da ya wuce ta kanta, da Anaruwa, a tsugune. Wanki uku aka yi masa kafin magariba. Bai fito ba.