Tsallen da Na Yi a Gaban Yayan Zuwaira

Ko na manta sunana, ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin yaye ɗalibai a makarantar da nake koyar da kimiyya a unguwar Barunde, cikin Gombe. Ranar ce Zuwaira, malamar 'yan nazare da nake nema da aure, ta ce yayanta zai zo ya gan ni. Shi ne waliyyinta, in ya ce a'a magana ta ƙare.

"Don Allah Malam, yau ka kama kanka," in ji ta. Na ce haba, sai ka ce yaro?

To, an yi hayar ƙatuwar katifar iskan nan da yara ke tsalle a kai. Ni kuma makon nan na gama cika wa 'yan ajina baki cewa a duniyar wata nauyin mutum raguwa yake, tsalle ɗaya sai ya haye katanga. Suka kewaye ni: "Malam, a nuna mana!" Na leƙa ƙofa, ba alamar baƙo. Na cire takalmi, na naɗe babbar riga (sabuwar shadda dal, ko ruwa ba ta taɓa gani ba), na haye.

Jama'a, abin nan akwai daɗi! Ɗan taɓawa kaɗan sai sama, tumbina na gaba ina biye. Na shagala sosai.

Sai na ji muryar Zuwaira: "Malam! Ga Yaya."

Na diro ina haki. Lambatu ne tsakanina da su. Akwai katakon tsallakawa a gefe, amma ina, gwanin tsalle zai bi katako? Ashe ƙafafuna sun riga sun saba da banza. Na ɗan dangwala ƙasa ina jiran ta cilla ni, ita kuwa ƙasar Gombe ba a yi wannan shawara da ita ba. Gwiwoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo.

Tsulum! Har cinya, ga hannuna a miƙe zan yi musabaha.

Yaya ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa. "Shi ne?"

Ta sunkuyar da kai. Wallahi na so ruwan ya ƙarasa haɗiye ni.

Shi ya jawo ni waje. "Me kake koyarwa?"

"Kimiyya, ranka ya daɗe."

"Allah ya kyauta."

Ya dai ba ni ita, wai wanda ya faɗa lambatu bai janye hannun gaisuwa ba yana da ladabi. Amma har yau a gidansu Ɗan Sama Jannati suke kirana, har da surukata.

Abin da na koya: ƙafa ba ta karanta littafin kimiyya ba. In ka sauko daga sama, fara gaisawa da ƙasa kafin ka gaisa da surukai.