Gishirin Dakta Kar-a-Taɓa

Allah ya yi wa kwalejin nan baiwa da Dakta Kar-a-Taɓa, shugaban ɗakin gwaje-gwaje, mai farar rigar da ko ƙuda ke jin nauyin sauka a kanta. Digirin dakta dai yana hanya, amma sunan ya riga shi isowa.

Abin tinƙahonsa kwalba ɗaya ce ta gishirin niyodimiyam, wani gari mai ruwan shunayya da ke ƙyalli a hasken rana, ya koɗe a ƙarƙashin fitilar ofis. Shi ma Dakta haka yake idan ya shiga ofishin manya. Malamai sun roƙi rabin cokali don su nuna wa ɗalibai, ya ce ilimi ba kayan rabo ba ne. Makullin ɗakin kuwa a wuyansa yake kwana.

Da aka ce hukumar kwaleji za ta zagayo kafin ta naɗa mataimakin shugaba, kujerar da ya daɗe yana mafarki, sai ya ga kwalba tana tauye wa gishirin kyau. Ya juye shi a farantin gilashi, ya aje bakin taga kusa da hotonsa, ya yafa masa farin ƙyalle, ya kulle ɗaki ya tafi hutun ƙarshen mako. Damina ta yi ta aikinta.

Ranar zagaye ya raba wa baƙi safar hannu da tabarau da takunkumi, ya jera su kamar 'yan firamare, ya juya wa taga baya.

"Ranku ya daɗe, da wannan ake rina gilashi. Ƙarfen da ke cikinsa shi ne maganaɗisun lasifikar wayoyinku. Yana ƙaiƙayin fata, yana yajin ido, ba a shaƙar ƙurarsa. Babbar doka kuma, ba a barinsa a buɗe, don yana zuƙar danshin iska har ya narke. Shi ya sa ban yarda kowa ya riƙe makullin nan ba sai ni."

Ya girgiza makullin, ya yaye ƙyalle da salo.

Ba gari, ba ƙyalli. Wani ɗan ruwa ne mai ruwan hoda kwance a faranti, ya bi ƙyallen ya rine gemun da ke hoton. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kunya ta kama Dakta har ya ji rigar ta yi masa yawa.

Shugabar hukuma, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta sauke takunkumi ta ce bayaninsa ya gamsar da ita ƙwarai, ba ta taɓa ganin malamin da ya tabbatar da darasinsa nan take haka ba. Sannan ta tambaya, "Dakta, wa ka ce yake riƙe da makullin?"

Kujerar dai wani aka ba. Shi kuwa hukuma ta yi masa adalci, ta bar masa makullinsa.