Ƙirgan Darakta Muhyiddin

Duk wanda ya ce Lafia ba ta da masana, bai taɓa bin hanyar Azuba da safe ba. Da ya bi, da ya ga Darakta Muhyiddin tsaye a ƙofar makarantarsa ta ƙananan yara, cikin kwat mai ruwan toka, a zafin garin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa. Biro uku a aljihun gaba, hannuwa a baya, ƙirji a gaba, kai ka ce shi aka ba ajiyar duk lambobin duniya. Allah ya yi wa yankin nan baiwar doya da rogo da mangwaro, da ya ga ba su isa ba ya ƙara masa da Muhyiddin.

Ilimin nasa ba na wasa ba ne, don har Abuja aka je aka ɗebo shi. Shekara huɗu da suka wuce cajar waya yake sayarwa a bakin tasha. Sai aka gayyaci wani ɗan uwansa malami taron bita na kwana biyu kan koya wa yara ƙirga, zazzaɓi ya kwantar da ɗan uwan, Muhyiddin ya ari kwat ya tafi a madadinsa. Ya sha shayi sau huɗu, ya yi gyangyaɗi a zama na uku, ya dawo da satifiket. Gaskiya ne sunan da ke jiki na ɗan uwan ne, Abdulsalami, amma mai haɗa firam mutum ne mai basira, katakon ya zauna daidai a kan sunan. Tun daga ranar ya zama Ƙwararre a Fannin Cusa Ilimin Lamba a Ƙwaƙwalwar Yara ta Hanyar Gani da Ido. Haka aka rubuta a allon ƙofar makaranta, sai da mai fenti ya ƙaro katako. 'Yan okadan da ke tsayawa a wajen, su da ba su da lokacin karanta duk wannan, suka taƙaita masa zuwa Farfesa Ɗaya-Biyu.

Kayan koyarwarsa kuwa sai wanda ya gani. Manyan kwalaye masu sheƙi, wannan da tuffa uku, wancan da jiragen ruwa bakwai, wani da tsuntsayen ƙasar ƙanƙara guda tara, baƙi da fari, suna tsaye kamar su ma kwat suka sa. Duk ya sa an kafe su can kusa da silin, inda hannun yaro ba zai kai ba. Idon yaron ma sai ya kwanta rigingine. Akwai kuma abin ƙirga mai 'yan ƙwallayen roba a jere a jikin waya, ja da kore da ruwan ɗorawa, yana cikin kabad ɗin gilashi, makulli a aljihun Darakta. Idan iyaye suka kawo sabon yaro, nan ake fara kai su ziyara.

"Abin da kuke gani nan," in ji shi, yana nuni da biro, "da shi Turawa suka fara kafin su kai duniyar wata. Sunan tsarin gani da ido. Ba a ce taɓawa da hannu ba. Yaro ya kalla, ilimi ya shiga, kaya su zauna lafiya."

Mutum ɗaya ce ta kasa gane girman wannan hikima, Madam Ngumimi, malamar ajin 'yan shekara huɗu, Batibiya da ta yi shekara goma sha biyu tana fama da majinar yaran mutane. Ita da safe sai ta zo da tsohon gwangwanin madara cike da marafan kwalba, da ƙwallon kashu, da tsakuwa. Ta baje yara a kan tabarma. Kai ba ni uku. Ke ƙara masa ɗaya. Wa ya fi yawa, wa ya rasa? Yara su yi ta ɗauka suna ajiyewa suna gardama, har wani ya yi kuka don an ba shi biyu an ba maƙwabcinsa huɗu, alamar karatu ya shiga ke nan. Darakta idan ya leƙo ta taga zuciyarsa har zafi take yi.

"Madam, nan cibiyar ilimi ce, ba bola ba."

"Oga, yaro in bai taɓa ba, ba ya ganewa," in ji ta da Hausarta ta kasuwar Lafia, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Wannan tsuntsu na sama, ko ni ban san shi ba."

Darakta ya yi mata afuwa, kasancewar ba ta je Abuja ba. Sai dai ya ƙudurta a ransa idan zango ya ƙare zai nemo wata mai ɗan wayewa. Madam ta ji ƙishin-ƙishin ɗin maganar, ta ci gaba da aikinta, don tana da yara uku a gida da uwa tsohuwa.

Ana cikin haka wata makaranta ta buɗe a layin baya, mai lilo da fenti, iyaye suka fara waiwaye. Darakta ya ga lokaci ya yi da duniya za ta san wane ne shi. Ya sanar da Babbar Ranar Lissafi a Sarari. Za a kwashi yara goma sha takwas na ajin Madam a kai su gonar wani Aondowase a hanyar Doma, iyaye su biyo baya su ga yadda masani yake aiki, a dawo makaranta a rufe taro da jawabinsa. Ya ɗauko mai hoto. Ya sa aka sauko da kwali ɗaya daga silin, karo na farko a tarihi, mai hoton awaki biyar.

Ranar Asabar da hantsi aka isa. Gona ce mai kyau, kunyoyin doya a jere har inda ido ya tsaya, mangwaro na ba da inuwa, kaji na tono, awaki kusan goma suna yawo abinsu. Madam ta sauko da yara daga bas biyu-biyu, kowa riƙe da hannun abokin tafiyarsa kamar yadda ta saba musu. Yara suna ganin awaki suka ɗau ihu, suna nunawa suna ƙirgawa, ɗaya, biyu, ga wata can, uku.

Darakta ya daka tsawa. Ya jera su suka ba awakin baya, suka fuskanci kwalin.

"Iyaye masu daraja, kada ku ruɗu da waɗannan dabbobi. Akuyar gona ba ta da tsari. Yanzu tana nan, an jima tana can. Ba a gina ilimi a kan abin da ke motsi. Wannan da ke hannuna ita ce akuyar da masana suka tantance. Shekara goma za ta yi ba ta gusa ba."

Ya sauke kwalin gefen ƙafarsa don ya gyara wuyan kwat saboda mai hoto, ya shiga bayanin yadda lamba take bi ta ido ta sauka a bayan ƙeya. Jawabi ya yi daɗi, ya lumshe ido. Wata jar akuya marar ilimi ta zagayo ta baya, ta sansana 'yan uwanta na Abuja, ta fara da ta gefen dama. Kafin Darakta ya buɗe ido ta gama da biyu tana kan ta uku.

"Saura biyu da rabi!" in ji wani uba daga baya.

Yara suka fashe da dariya, iyaye suka bi, mai hoto ya yi aikin da aka kawo shi. Darakta ya ja kwali, akuya ta ja, a ƙarshe aka raba gado, ita ta tafi da kai da ƙafafun gaba.

Madam ta ga taro zai watse, ta tafa hannu, ta ja yara bakin kunyoyin doya. Kowa ya taɓa kunya biyar ya dawo. Matar mai gona ta fito da ƙwai a faranti, aka ƙirga shida, aka ɓoye biyu a bayan zani, aka tambayi nawa suka rage, wata 'yar ƙarama mai suna Erdoo ta ɗaga yatsu huɗu tun kafin a rufe baki. Iyaye suka yi tafi. Wata uwa har da guɗa.

Tafin nan ya fi cin kwalin yi wa Darakta ciwo. Nan take ya tuna cewa kujerun taron rufewa ba a jera su ba, kuma babu wanda ya iya jera kujera kamar Madam. Ya umarce ta ta bi motar iyaye ta yi gaba. Ta ce a bari ta saka yara a bas tukuna.

"Madam, ƙirga yara goma sha takwas ne zai gagare ni? Ni?"

Ta tafi tana waiwaye.

Yara suka ci biskit, suka yi guje-guje, rana ta take, aka kira su bas. Darakta ya tsaya a ƙofa ya zaro jan biro, wanda ba ya fitowa sai babban aiki. Ya ƙirga da Turanci, da murya mai kauri, don direba Torkuma ya amfana. Yaran kuwa sun koyi halin akuyar gona, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Wani Terlumun, da aka ƙirga shi a kujerar baya a matsayin na huɗu, ya bi ta ƙarƙashin kujeru ya ɓullo a gaba, aka karɓe shi hannu biyu a matsayin na goma sha takwas.

"Cif-cif," in ji Darakta. "Direba, mu je."

Ba a yi nisa ba Erdoo ta miƙe tana nuna tafin hannunta.

"Darakta, hannuna babu kowa."

"Zauna."

"Kowa yana da na riƙewa, ni babu. Ai mu biyu ne, ni da..."

"Yarinya, na ƙirga. Lamba ba ta ƙarya. Hannunki ne bai je makaranta ba."

Torkuma ya dube shi ta madubi, ya ce ko a tsaya a sake dubawa. Darakta ya tambaye shi a wane gari ya yi nasa taron bitar. Torkuma ya mai da ido kan titi.

A ƙofar makaranta Madam na tsaye, ba ta ko zauna ba. Yara suna saukowa ta haɗa su biyu-biyu. Layi takwas, sai Erdoo ita kaɗai a ƙarshe da hannu a sake. Madam ta dafe ƙirji. Iyaye suka ga fuskarta, wuri ya yamutse, kowa ya ruga yana laluben nasa, ana kiran sunaye da Tibi da Hausa da Eggon. Cikin minti ɗaya kowace uwa ta damƙe nata, kowane uba ya ɗaga nasa sama yana duba shi gaba da baya. Duk wanda ya zo ya samu.

Darakta ya ga haka, ya hau kan dakali.

"Kun gani? Wa ya rasa ɗa a cikinku? Babu. Ilimi ya yi magana."

"Oga," in ji Madam, "wanda babu shi, ai..."

"Madam, ba a katse masani."

Ta juya ta ciro waya ta kira mai gona, ta tura Torkuma ya juya da bas. Darakta kuwa iska ta riga ta shiga kwat.

"In ma an ɗauka, don a faɗaɗa bincike, cewa akwai yaron da ya rage, to ina iyayensa? Ga mu nan duka. Wane irin uba ne za a ce ɗansa bai dawo ba, shi yana nan bai ko ji a jikinsa ba? Wannan shi ne abin da ke damun ƙasar nan. A haifa a zubar wa makaranta. Irin wannan uba, ni a tsarina, ko kaza bai kamata a ba shi kiwo ba. Zan rubuta masa takarda mai zafi, da jan biro, in kuma karanta ta a gaban taron iyaye don ya zama darasi."

Wasu iyaye suka gyaɗa kai, don maganar ta yi ma'ana. Ya ƙara minti goma a kan tarbiyya, biyar a kan ƙasar Japan.

Yana cikin Japan ɗin ne babur ya tsaya a ƙofa, bas na biye da shi. Aondowase ne, da 'yar yarinya zaune a kan tanki, gasasshiyar masara a hannunta, ganyen mangwaro a gashinta, ido duk barci. A bayan bukkar kaji matarsa ta same ta tana sharar barcinta.

"Na tambaye shi sunan babansa," in ji mai gona da irin Hausar Madam, yana sauke ta. "Ya ce babansa shi ne wanda ya yi faɗa da akuya."

Yarinyar ta ratsa taro da gudu, ta rungume ƙafar wandon kwat.

"Baba, kun tafi kun bar ni."

Halimat ce, autarsa, wadda da hannunsa ya ɗora ta a bas da safe.

Erdoo ta zo ta kama hannun Halimat ta ja ta cikin layi, layi ya zama tara. Uban nan na baya ya tambaya cikin ladabi ko yaushe za a karanta takardar, don yana so ya zo da wuri ya sami kujerar gaba.

Maganar sallamar Madam ba a sake jin ta ba, domin iyaye sun faɗa a fili cewa duk inda ta sa ƙafa nan 'ya'yansu za su bi. Labari kuma ya riga Darakta isa gida. Uwargidansa Iyatu ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Doka ɗaya kawai ta kafa, tana nan har yau: idan zai fita da yaran gidan, ɗaya ake ba shi. Idan ya dawo kuma, ita take ƙirgawa.