Gadin Barcin Hajiya

Bayan matata ta warke daga kansar mama, barcin dare ya ƙaurace mata. Likita ta hana ta barcin rana, ta koya mata jan numfashi a hankali. Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, bar min, ba za ki runtsa ba."

Bayan Azahar na ɗauko littafina na yaƙi da jahilci, ina karanta mata da ƙarfi. Ban kai layi na biyar ba.

Na farka lulluɓe da mayafinta, ga ƙawayenta uku daga unguwar Pleasant Garden suna shan shayi. Hajiya ta ce musu, "Ku rage murya, mai gadi yana bakin aiki."

Har yau mazajensu a masallaci sai su ce, "Malam, ya gajiyar gadi?"