Ina Kwamfutar Ta Kai Wasiyyarta?

"...ya gajiya kuma, mai ƙaton kai?"

"Gajiya ai sai ma'aikata. Ke a ina kika san ta?"

Haka aka fara a ɗakin na'urorin ofishinmu, ɗakin nan mai sanyi kamar cikin firji. Shi ɗan gwaggonta ne, ita 'yar kawunsa, tsautsayi ya haɗa su aiki wuri ɗaya. Shi ke kula da wayoyin sadarwa, muna ce masa Sarkin Waya. Ita ke kula da ajiyar bayanai, muna ce mata Uwar Rumbu.

Babbar kwamfutar ofis ta ɗauki halin suma kusan kullum. An tsara ta yadda in ta faɗi, wani ɗan tsari zai farka a cikinta, ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta, ya tura shi ta waya zuwa rumbun ajiya da ke wata na'ura. Wannan fayil suke kira wasiyya, da shi ake gane abin da ya kayar da ita. Manaja ya ce in ba a samo shi yau ba, babu mai hutun Asabar. Ran Asabar kuwa 'yar Uwar Rumbu za ta karɓi kyauta a makaranta.

"Ina wasiyyar?" in ji ta.

"Ni zan tambaye ki. Na nuna mata hanya, na ba ta adireshi, saura in goya ta."

"To rumbuna wayam yake, kamar kanka ranar jarrabawa."

"Ko dai kin cinye? Tun muna yara ba a ajiye abu kusa da ke."

"Fayil ɗin zan ci?"

"Wadda ta ci allin gwaggonta? Me zai gagare ki?"

Ta zauna ta latsa, ta juyo masa da fuskar kwamfutar. "Duba. Yanzu da take a farke tana ganin rumbun sarai."

"Tana gani."

"In ta suma kuma ba ta gani."

"Ke in kin suma me kike gani?"

"Fuskarka, shi ya sa nake saurin farfaɗowa. Wayarka ce ta lalace, malam."

Sarkin Waya ya durƙusa ya bi waya da hannu har lungu, inda wata tsohuwar baƙar na'ura take, da kofin shayinsa a kanta. "Ga ta nan lafiya lau, ta shiga rumbu."

"Wane rumbu?"

"Wannan mana."

"Wannan ai ta daɗe a kashe. Fankarta ce ta dame ni da kuka."

Ya taɓa na'urar, ya taɓa kofin. "Shi ya sa shayina ke hucewa! Ni da nake zargin mai sayar da fulas! To ina kika kai rumbun?"

"Na mayar da shi cikin babbar kwamfuta, akwai fili. Ko sunansa ban canja ba, don kada irinku su ruɗe."

Ya dubi babbar kwamfuta, ya dubi 'yar kawunsa.

"Tsaya. In ta suma, wa take aika wa wasiyya?"

"Rumbu."

"Rumbu yana ina?"

"Cikin... " Ta dafe baki. "Wayyo ni."

"Wato baiwar Allah tana faɗuwa, ta rarrafa ta ƙwanƙwasa ƙofar gidanta, ta jira kanta ta buɗe!"

"Kai da ka tsara, ka taɓa gwadawa ko sau ɗaya?"

"Ke da kika tashi gida, kin yi wa maƙwabta sallama?"

"Na ji. Asabar ɗin 'yata fa?" Muryarta ta sauka. "Tsohuwar na'urar nan ba za ta tashi ba."

Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya jawo tasa kwamfutar daga ƙarƙashin tebur. Babu fili a cikinta sai da ya goge wasannin ƙwallon da ya tara, yana gogewa yana salati. Suka ba ɗan tsarin sabon adireshi, suka sake gina shi. Bayan azahar sai ga ihu daga ofis, babbar ta sake faɗuwa. Su biyu suka zuba wa ƙaramar ido, har wasiyya ta fara shigowa kaɗan-kaɗan.

Uwar Rumbu ta ɗauko kofinsa ta ɗora a kan ƙaramar kwamfutar, wadda ta fara ɗumi.

"Ga murhunka na mayar maka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Na sallama. Amma ki gaya wa 'yata, duk abin da aka ba ta ran Asabar, rabi na kawu ne."